Munduwar Inna Tana Hannuna

Da sunan Allah nake farawa, wanda zan koma gare Shi ba da jimawa ba.

Ni ce Hussaina Aliyu Daso, mahaifiyar Abdurrahim da Kausar, matar marigayi Tajuddeen Salisu mutumin Haɗeja. Da gangan na rubuta "matar", kuma duk wanda zai karanta takardar nan a gaban jama'a kada ya haɗiye kalmar. Ina rubutu da hantsi a gidanmu na Sentul, a Kuala Lumpur, kafin maganin safe ya fara juya mini kai. Hankalina yana jikina, na san ranar da muke ciki, kuma babu wanda ya tsaya a kaina. Likita ta gaya mini inda ciwon ya kai. Ba ta yi mini kwana-kwana ba, ni ma ba zan yi muku ba.

Da Hausa na rubuta, ko da yake na san za ku ji jiki. Shekara ashirin ina yi muku magana da Hausa kuna mayar mini da Turanci, in kun so ɓata mini rai ku haɗa da Malayanci. To yau babu mayarwa, sai karatu. Kalmar da ta fi ƙarfinku ku kai wa Anti Khaulah ta hawa na huɗu ta warware muku. Ina da wani dalilin kuma. Akwai wani tsoho a Haɗeja da nake so a karanta masa takardar nan daga farko har ƙarshe, shi kuwa ba ya jin Turanci.

Na farko. Ku binne ni a nan. Kada wani ya kawo maganar akwati da jirgi. In an samu wuri kusa da mahaifinku, madalla. In ba a samu ba kada ku damu, dama akwai maganar da ban gama huce masa a kanta ba. Khaulah ce za ta yi mini wanka, don ta ga abin da likitoci suka yanke a ƙirjina, ba za ta firgita ba. Ban yarda da dafe-dafen uku ko na bakwai ba. Wanda ya zo gaisuwa a ba shi ruwa, in yunwa yake ji ga kedai, shagon abinci, nan a ƙasan bene.

Na biyu. Ɗan abin da na bari a raba muku yadda shari'a ta tsara, mijin Khaulah ya san malamin da zai yi. Abubuwan da zan ambata da suna a ƙasa na riga na ba ku su kyauta tun ina numfashi, a gaban Khaulah da mijinta. Littattafaina naka ne, Abdurrahim, har da baƙin kundin nan da ke saman durowa. Kada ka ba kowa ya buga shi. Ka karanta babi na huɗu sau ɗaya, don ka ga yadda mutum yake yin karatu mai zurfi ya ɓace a cikinsa.

Kun tashi kuna kiransa "littafin Mama na Jamusawa", amma babu wanda ya taɓa buɗe shi a cikinku, don haka ga abin da ke ciki. Gwamnati ce ta turo ni ƙasar nan yin digiri na uku a tarihin dokokin aure, ni kuma na zaɓi ƙabilun Jamusawan dā, na wajen shekara dubu da ɗari uku da suka wuce. Har dariya ake mini, wai Bakanuwa ta zo Malesiya tana tonon auren Turawan da ƙashinsu ma ya ruɓe. A wajen mutanen nan, cikakken aure shi ne wanda dangin miji suka je wa dangin mace, aka ba da dukiya, riƙon yarinya ya tashi daga hannun ubanta ya koma hannun mijinta. Sai kuma wani aure mara nauyi, wanda wasu masana suka ce da yardar mutum biyu kawai ake yin sa. Dangi ba su zauna ba, riƙo bai tashi ba, abin da mace ke samu shi ne kyautar da miji zai ba ta da safe bayan daren farko, wadda suke kira kyautar safiya. Wannan na biyun shi ya shiga raina. Babi na huɗu gaba ɗaya yabonsa ne. Na ce a cikinsa mace take da kanta, ba a miƙa ta daga hannu zuwa hannu kamar akuya a kasuwa ba.

Ina da dalilin son sa. Aurena na fari a Kano da akwati goma sha biyu aka yi shi, kwana bakwai ana biki, aka rufe titi, ƙawaye suka yi anko kala uku. Wata tara auren ya mutu, kuma duk waɗanda suka ci shinkafar babu wanda ya zo ya tambaye ni yaya na kwana. Daga nan na ɗauki alwashin ba za a sake taruwa a kaina ba.

Ranar da na kare kundin, wata tsohuwar farfesa da aka gayyato daga waje ta cire tabarau ta yi mini tambaya ɗaya: in mijin ya mutu, wa ke tsaya wa 'ya'yan? Ta ƙara da cewa masana da yawa yanzu suna shakkar ko wannan aure ya taɓa samun darajar da nake ba shi, ko kuwa na baya ne suka yi masa kwalliya. Na ba ta amsa ta minti goma, da sunayen littattafai da lambobin shafi, har aka tafa mini. A ranar ina ɗauke da cikinka wata biyar, Abdurrahim.

Yanzu ku natsu, don wannan shi ne asalinku. An ɗaura aurena da mahaifinku a falon gidan hayar ɗalibai a Wangsa Maju, ranar Asabar bayan la'asar. Yayana Bahauddeen, wanda shi ne waliyyina tun rasuwar mahaifinmu, ya ba da izini ta waya, ya wakilta Malam Abdussalam, abokin karatunmu. An ba da sadaki a hannu. Shaidu biyu ne, abokinmu Kabir da wani ɗalibi ɗan Sudan. Aka shafa fatiha, aka sayo shinkafa da kaza a mamak, gidan abincin bakin titi, muka ci mu biyar. Babu sharaɗin da ya rage a wajen Allah, kuma kada wani ya sa ku shakka a kan haka.

Abin da ya rage shi ne mutane, kuma ni na cire su da hannuna. Mahaifinku ya ce zai rubuta wa yayansa a tura manya Kano neman aure, na ce ba na so. Ya ce lefe, na ce ba na so. Malam Abdussalam ya ce ko takarda a je a yi, na ce sai mun koma gida. Na ga mahaifinku ya saki ajiyar zuciya, na ɗauka ra'ayinmu ne ya zo ɗaya. Ashe tsoro ne. Yayansa Yahuza shi ya rene shi, shi ya sa shi makaranta, kuma ya riga ya ji abin da Yahuza zai ce kan bazawarar da ta girme shi da shekara biyu. Ni na ba shi mafaka ban sani ba. Abin da ya fi ba ni haushi, a cikin littattafan da na karanta akwai layin da ya ce ko a wancan aure mara nauyi sai an rako mace gidan miji jama'a suna gani. Na ja wa layin jan biro, yana nan har yau, amma ban yi aiki da shi ba.

Washegari da safe mahaifinku ya buɗe jakarsa ya ɗauko munduwar azurfa mai nauyi, mai ɗan lotsawa a gefe ɗaya. Ya sa mini a hannun hagu yana dariya, ya ce, "Ga kyautar safiyarki, Malama, kada ki ce Bahaushe bai kai Bajamushe ba." Munduwar mahaifiyarsa ce, Inna, kakarku. Ranar da zai taho karatu ta cire ta daga hannunta ta ba shi a gaban Yahuza da ƙanwarsu Fatiha, ta ce ya sa wa matar da ya aura, kada ya ba kowa in ba ita ba. Ita ce wadda kuke gani a hannuna kullum, wadda kika yi ta gatsa lokacin da kike fitar da haƙori, Kausar. Ban taɓa gaya muku ta wace ce ba.

Shekara takwas muka yi da shi. Sau uku ya je gida shi kaɗai, kowane zuwa da alkawarin wannan karon zai faɗa. Karon farko Inna ba lafiya, ya ce ba lokacin ba ne. Ta rasu ba ta san tana da jika ba. Karo na biyu ya ce ana zaman makoki. Karo na uku ban ma tambaye shi ba, na ga amsar a yadda ya ajiye kilishi da yaji a kan tebur bai dube ni ba. Kowace shekara maganar tana ƙara yi masa nauyi, don wanda ya kasa cewa ya yi aure, ta yaya zai ce yana da ɗa ɗan shekara biyar? Mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba, yana goya ku a baya ya zagaya da ku filin wasa. Amma matsoraci ne a gaban yayansa, kuma na gaji da ɓoye muku wannan.

Ya faɗi a wajen aiki, zuciya ce, kafin in isa asibiti ya cika. Kana da shekara bakwai, Abdurrahim, Kausar biyar. Bayan mako biyu da binne shi Yahuza ya sauka a ƙasar nan ɗaukar kayan ƙaninsa. Ya zauna a kujerar nan ta kusa da taga. Na dafa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, da kukar da nake ta adanawa, bai taɓa ba. Na turo ku ku gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Sannan ya ce labari ya daɗe da isa Haɗeja cewa Tajuddeen ya ajiye mace a waje, kuma da ya tambaye shi, cewa ya yi abokiyar karatu ce. A bakin Yahuza na fara jin wannan, ina cikin takaba.

Ya nemi takardar aure, babu. Na kawo takardun haihuwarku da sunan mahaifinku a kai, ya ce takarda ta nuna wanda ya haifa, ba ta nuna an ɗaura ba. Na ce a kira Malam Abdussalam, wanda a lokacin ya riga ya koma gida, ya ce aboki ai rufa wa aboki asiri yake yi. Sai na miƙe tsaye na rantse masa da Allah cewa ni matar ƙaninsa ce. Ya ce kowa ma yana iya rantsuwa a kan abin da zai amfane shi.

A nan ne karatuna ya cuce ni karo na biyu. A cikin dokokin wata ƙabila daga Jamusawan nan, in dangin mamaci suka yi jayayya da matarsa kan kyautar safiyarta, an yarda ta ɗora hannu a ƙirji ta rantse ita kaɗai, a bar mata abinta. Wannan doka ta faɗo mini a rai ina tsaye. Na ce a zuciyata, mutanen da ba su san alwala ba sun karɓi rantsuwar matar mamaci, ga Musulmi ɗan'uwan mijina ya mayar mini da tawa. Raina ya ɓaci.

Ya shiga ɗaki ya buɗe akwatunan mahaifinku ɗaya bayan ɗaya, yana zazzage riguna, yana laluben aljihu. Na san abin da yake nema. Da bai samu ba ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Da matarsa ce ke, da ya ba ki munduwar Inna." Munduwar tana hannuna a lokacin, ƙarƙashin hijabi, ina jin sanyinta a fatata. Ɗaga hannu kawai zan yi magana ta ƙare. Ban ɗaga ba. Na ce a raina wanda bai yarda da sunan Allah a bakina ba, ba zan roƙe shi ya yarda da azurfa ba. Na buɗe masa ƙofa, ya ja akwati biyu ya shiga lif.

Shekara goma sha biyar ke nan. Na daɗe ina kiran abin da na yi mutunci. Yanzu da nake kwance ina kallon silin na ga girman kai ne, kuma ku kuka biya. Malam Abdussalam ya ce zai je Haɗeja da ƙafarsa, na hana shi. Gwaggonku Fatiha ta nemi lambata ta kira sau huɗu a shekarar farko, ban ɗauka ba. Kun tambaye ni dangin Abba, na ce ba ku da su. Na yi koyarwa a kwaleji biyu, na sa ku makaranta, ba ku kwana da yunwa ba, ina ta yi wa kaina kirari da haka. Amma ƙasar nan ba ta ba baƙo wurin zama na har abada. Ranar da karatunku ya ƙare zamanku ya ƙare, ni kuma ba na nan. Gidanmu na Kano an sayar an raba tun bayan rasuwar Bahauddeen. In kun sauka daga jirgi, ƙofar wa za ku ƙwanƙwasa?

Na uku. Cikin mutum biyar da suka ci shinkafar nan, da wanda ya ba da izini ta waya, saura ni da Malam Abdussalam. Bahauddeen ya rasu, Kabir ya rasu a hatsarin mota, ɗan Sudan ɗin ban san inda yake ba. Malam yana Birnin Kudu, ciwon suga ya fara taɓa masa ido. Kada ku wuce kwana arba'in bayan binne ni ba ku isa wajensa ba. Na yi magana da shi makon jiya, ya yi kuka, ya ce shekara goma sha biyar yake jiran in janye hanin da na yi masa. Ku ɗauke shi a mota ku kai shi Haɗeja. Ban yarda a yi wannan magana ta waya ba, a waya aka fara lalata ta.

Na huɗu. In Khaulah ta zo wanka ta cire munduwar ta ba ki, Kausar. Hannuna ya rame, za ta fita ba wuya. Ki sa ta a hannun hagu. Ku fara sauka wajen Gwaggo Fatiha, ku ce na ce ta yafe mini kiran da ban ɗauka ba, ita za ta shigar da ku wajen Yahuza. Baffa za ku ce masa. Ku cire takalmi, ku durƙusa har ƙasa, kada in ji an miƙa masa hannu ana "Hi uncle". In an gama gaisuwa, ki janye mayafinki daga kan hannun ki ɗora shi a gwiwa inda zai gani. Ba sai kin ce komai ba, ya san lotsawar nan fiye da ke. Daga nan Malam ya yi magana, sannan a karanta takardar nan.

Kada ku ta da maganar gado a wannan zuwan. Haƙƙinku ne, in ya kawo ta da kansa ku karɓa, amma ba ita ta kai ku ba.

Na biyar, kuma saboda shi na tashi zaune na ɗauki biro. Kausar, Zaid mai neman aurenki yaron kirki ne. Ya kai ni asibiti sau da yawa, yana jira a waje ba ya ƙorafi, iyayensa a Zariya mutanen mutunci ne. Na yarda da shi. Amma watan jiya kin zauna a bakin gadona kina bare mini lemo, kika ce, "Mama, simple nikah kawai lah, mu biyar a falo, kamar ku da Abba. So romantic." Na juya fuskata bango, kika zaci ciwo ne. Ni na ba ki labarin da daɗi tun kina ƙarama, da shinkafar mamak da dariyar mahaifinki, na yanke inda ya yi ɗaci. Yau na ba ki sauran.

Ban yarda a ɗaura miki aure a falo ba. Ba biki nake nema ba, na fi kowa sanin akwati goma sha biyu ba sa riƙe aure. In kin ga dama kada a dafa ko tukunya ɗaya. Amma manyan Zaid su tashi daga Zariya su je Haɗeja su nemi aurenki a gidan ubanki. A ɗaura a ƙofar gida ko a masallaci, da rana, a raba goro da alawa, sanƙira ya ɗaga murya ya ce Kausar 'yar Tajuddeen Salisu, har mai wucewa a kan babur ya ji. A yi takarda, a yi mata kwafi uku, ɗaya wajenki, ɗaya wajen yayanki, ɗaya wajen Gwaggo Fatiha. A ƙasan akwatina akwai yadi biyar na leshi ruwan zuma, har yanzu yana cikin ledarsa. A shagunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman na saye shi a shekarar farko ta aurenmu, don ranar da za a kai ni Haɗeja gaida Inna. Ki kai a ɗinka miki, ki sa shi ranar.

Na shida. Abdurrahim, wata uku ke nan ba ka yi wa ƙanwarka magana, kuna gida ɗaya kuna aika wa juna saƙo ta waya. Laifinta shi ne ta nemo 'yar Gwaggo Fatiha a intanet ta gaishe ta. Ka ce ta ci amanata, ka rantse ƙafarka ba za ta taka Haɗeja ba. Ka san abin da ya biyo baya? Ta goge lambar, ta dawo tana maganar mutum biyar a falo, don ta duba ta ga ba ta da wanda za ta gayyata. Wannan gabar ba taka ba ce, tawa ce na ɗura maka tun kana ɗan shekara bakwai, ka ɗauke ta don kana sona. Na gode, amma ka ajiye ta. Ka yi kaffarar rantsuwarka, ka shiga ɗakin ƙanwarka yau, kada ka jira sai na mutu ku yi sulhu a kan gawata.

Ga kuma abin da zai fi yi maka wuya. Na san kai ne waliyyinta, shari'a ta sa ɗan'uwa gaba da baffa, kuma na ji ka ce kai za ka ɗaura da kanka ba ka bukatar kowa. Ina roƙonka ka miƙa wa Yahuza waliccin a gaban jama'a. Ba don ya cancanta ba. Ina so bakin da ya ce bai san ku ba, shi ne zai buɗe a gaban liman da mutanen unguwa ya ce ya ba da auren 'yarsa. In ya faɗi haka sau ɗaya, ba zai iya janyewa ba, kuma babu wanda zai sake tambayar 'ya'yanku daga ina suka fito. Shafi ɗari uku na rubuta ina raina wannan miƙa riƙo daga hannu zuwa hannu. Ban lura ba cewa duk hannun da ya miƙa ya shaida ke nan, kuma yawan hannuwan shi ke tsaya wa yaro ranar da ubansa ba ya nan. Ga amsar tambayar tsohuwar farfesa, ta zo bayan shekara ashirin da biyu.

In kuwa ya ga munduwa, ya ji Malam, ya ji takardar nan, ya ƙi, to kada ka yi masa rashin kunya. Ka tashi ka gode masa. Ka je wajen limamin unguwarsu tare da Malam da Gwaggo Fatiha, ka ɗaura auren ƙanwarka da kanka a masallacin da mahaifinku ya koyi sallah, ranar Juma'a, lokacin da aka fi cika. Ko ta wace hanya, a Haɗeja za a ambaci sunan.

Yanzu gare ka, Yaya Yahuza, in Allah ya sa kana da rai ana karanta maka. Ban taɓa kiranka Yaya ba sai yau. Ka zo gidan mace tana takaba ka ƙi cin abincinta, ka kalli bango marayun ƙaninka suna gaishe ka. Wannan yana nan a raina, ina ƙoƙarin yafewa, in Allah ya ƙara mini 'yan kwanaki wataƙila in gama. Amma na sani ƙaninka ne ya fara yi maka ƙarya, ni kuma na rufe maka gaskiyar da ka nema da bakinka. Da ni ce a matsayinka, ban san abin da zan yi ba. Ka yafe mini nawa. Yaran nan ba su yi maka komai ba. Ka dubi goshin Abdurrahim, za ka ga Tajuddeen.

Ba na rantsuwa da ƙirji kamar matan Jamusawan dā, ni Musulma ce, kuma ƙirjin ma likitoci ba su bar mini shi cikakke ba. Amma hannuna yana kansa yanzu, kuma ina sake rantse maka da Allah wanda zan tsaya a gabanSa kafin kai ko bayanka: an ɗaura aurena da Tajuddeen da waliyyi da sadaki da shaidu, kuma Abdurrahim da Kausar 'ya'yan sunna ne. Wannan karon babu abin da rantsuwar za ta amfane ni da shi, don kafin ta iso kunnenka ina cikin ƙasa.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku abokan zama masu tsoronSa, waɗanda ba sa jin kunyar ambatonku a gaban danginsu. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, har da Turancin. Ku yafe mini dangin da na hana ku. Ku riƙe sallah, ku riƙe juna, kada ɗayanku ya kwana bai san inda ɗayan yake ba. In an buɗe muku ƙofa a Haɗeja ku shiga da zuciya ɗaya, ku je suna, ku je jana'iza, ku ɗauki waya in an kira. Ku yi wa mahaifinku addu'a, ku haɗa da ni, wataƙila a can mu ƙarasa maganarmu.

Khaulah da mijinta za su sa hannu a ƙasa, don na koyi darasin shaida. Yaya Yahuza, ka dubi hannun yarinyar da ke durƙushe a gabanka. Ranar da ka zazzage akwatunan ƙaninka, munduwar Inna tana hannuna, taku uku tsakaninka da ita.

Hussaina Aliyu Daso, matar Tajuddeen Salisu
Sentul, Kuala Lumpur